Dokokin taƙaita bindiga a Amurka: suna hana kisa kuwa, ko hankalinmu kawai suke kwantarwa?

Maman Ilham (Houston):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Laraba. 'Yata mai shekara shida ta dawo daga makaranta tana ba ni labari wai yau sun yi wasan shiru. Malamarsu ta kashe fitila, ta kulle ƙofa, ta tara su a lungu nesa da taga, aka ce kada wanda ya yi motsi sai an zo an buɗe. Ita da murnarta take faɗa, don an yaba mata ta fi kowa yin shiru. Ni kuwa na san atisaye ne na ranar da wani zai shigo musu da bindiga. Sai da na shiga banɗaki na yi kukana don kada ta gani.

Daga nan zuwa Uvalde tafiyar 'yan awanni ce a mota. A can ne ranar 24 ga Mayu 2022 wani yaro ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai biyu. A kanti ya sayi bindigoginsa, bisa doka, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18, a ƙasar da ko taba sigari ba a yarda a sayar maka ba sai ka kai 21. Saboda haka ni ina tare da masu cewa a tsaurara, ɗari bisa ɗari. Amma mijina ya ce tsoro ne ke magana a bakina, wai doka ba ta taɓa hana mugu samun makami ba. Na rasa amsar da zan ba shi. Don Allah masu sani ku yi mini bayani: dokokin nan suna aiki?

Sani Tirela (Chicago):
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, Allah ya raya mana su, ya tsare. Amma gaskiya maigidanki bai faɗi ƙarya ba. Ni ina da bindiga, kuma ba na ɓoyewa. A Illinois sai ka fara neman katin shaidar mallakar bindiga, a bincika tarihinka, in ka biya kuɗi ka jira awa 72 kafin a miƙa maka. Don in riƙa fita da ita sai da na zauna darasi na awa 16. Duk na yi. Yaron da ya ɗora mini bindiga a ƙeya a wani gidan mai da asuba, ya karɓe waya da walat, wane darasi ya zauna? Chicago na cikin biranen da suka fi tsananin doka, amma a 2021 an kashe kusan mutum 800 a garin.

Ma'aikatar shari'a ta Amurka da kanta ta tambayi fursunoni a 2016 inda suka samo bindigar da ke hannunsu lokacin da suka yi laifi. Kusan rabi a bayan fage suka saya ko suka sata, kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga ɗan'uwa ko aboki, waɗanda suka shiga kanti kuwa kamar ɗaya cikin goma. To wa dokar ke kamawa? Ni da ire-irena masu bin layi. Ga kuma lissafin cibiyar Small Arms Survey ta Geneva da ya fito a 2018: bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, sun fi mutanen ƙasar yawa. Ko yau aka rufe kowane kanti, waɗannan fa? Bindiga ba tumatir ba ce da za ta ruɓe.

Dakta Rabi (Baltimore):
Malam Sani, Allah ya kiyaye gaba, abin da ya same ka ba ƙarami ba ne. Amma kai direba ne, ka fi ni sanin cewa daga kudancin Chicago zuwa Hammond ko Gary a Indiana ko rabin awa ba a yi, kuma ba shinge, ba mai duba but. Rahoton da hukumar birnin ta fitar a 2017 ya nuna kusan shida cikin goma na bindigogin da 'yan sanda suka ƙwace daga wajen jihar aka sayo su, Indiana ce kan gaba. Wanda ya katange gefe ɗaya na gonarsa ya bar sauran a buɗe, in awaki suka shiga ba zai ce katanga ba ta da amfani ba. Sannan wannan bindigar ta bayan fage, ai ba daga ƙasa ta tsiro ba. Kusan kowacce daga kanti ta fara, wani mai takarda tsaf ya saya ya miƙa, ko aka sace ta a mota. A dokar tarayya, mutum zai iya sayar wa wani tasa hannu da hannu ba tare da an bincika mai sayen ba, sai in jiharsu ta hana.

Maman Ilham, abin da nake so ki faɗa wa maigida shi ne: wace mutuwa yake ƙirgawa? A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka bisa alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar. Cikinsu 26,328 su suka kashe kansu. Fiye da rabi ke nan. Waɗannan ba 'yan fashi ba ne, ba su je bayan fage ba, bindigar gida ce, ta uba ko ta miji, tana cikin durowa. Aikina ya sa na ga wannan da idona. Mutumin da ya yi yunƙurin halaka kansa da bindiga, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Wanda ya sha magunguna galibi ana ceto shi, kuma mafi yawan waɗanda aka ceto ba sa mutuwa ta wannan hanyar daga baya, domin ƙuncin lokaci ne, yakan wuce. A 2006 sojojin Isra'ila sun hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, sai kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Ba wa'azi aka ƙara ba, ba magani, makamin kawai aka nesanta.

Sani Tirela (Chicago):
Dakta, wannan na ji. Amma ba shi ake ihu a kansa a talabijin ba. Kullum AR-15, AR-15, doguwar bindigar nan mai kama da ta soja. An hana irinta daga 1994 zuwa 2004. Me ya canza?

Dakta Rabi (Baltimore):
A nan kam ba zan yi maka gardama ba. Shaidar da ke nuna waccan dokar ta rage kisa gaba ɗaya ba ta da ƙarfi. An bar waɗanda ke hannun mutane, kamfanoni kuma suka ɗan sauya fasali suka ci gaba da sayarwa. Alƙaluman FBI ma sun nuna doguwar bindiga kowace iri kaso kaɗan take da shi a kashe-kashen da ake yi, ƙaramar bindiga ta aljihu ce ke cinye mutane. Masu goyon bayan tsaurarawa da yawa ba sa son jin wannan, ni kuma ina ganin ɓoye shi cutar da hujjarmu yake yi. Cibiyar RAND ta tattara binciken da aka yi shekara da shekaru ta tace, kuma abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne dokar da ke tilasta kulle bindiga inda yaro ba zai kai ba, tana rage mutuwar yara da matasa. Ita kuma dokar da ke ba mutum izinin harbi ba tare da ya fara neman hanyar kaucewa ba, irin ta Florida, ƙara kisa take yi. Connecticut ta wajabta neman izini kafin sayen ƙaramar bindiga a 1995, Missouri ta soke nata a 2007, masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka ga kisa ya sauka a ta farko ya hau a ta biyu.

Abin da ya sa ilimin ya yi ƙaranci ma siyasa ce. A 1996 majalisa ta saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi wanda ya sa CDC ta janye daga binciken bindiga fiye da shekara ashirin.

Malam Habibu (Zariya):
Ina biye da ku. Ni tarihi na koyar har na yi ritaya, bari in taɓo ɓangaren da Maman Ilham ta fara da shi, wato abin da ke tura mutane goyon baya. In ka duba, kusan kowace babbar dokar bindiga a Amurka a kan makoki aka rubuta ta. Ta 1934 ta biyo bayan ɓarin wutar 'yan daba masu safarar giya a Chicago da sauran birane. Ta 1968 ta zo bayan an harbe Shugaba Kennedy a 1963, sannan Martin Luther King da Robert Kennedy a shekara ɗaya. Dokar Brady ta 1993, wadda ta kawo binciken mai saye, sunan kakakin Reagan ta ci, wanda harsashi ya nakasa a 1981 lokacin da aka kai wa shugaban hari. Ta 2022 kuma bayan kisan da aka yi a wani kanti a Buffalo da na Uvalde. Don haka in maigidanki ya ce tsoro ne, ki ce masa e, tsoro ne da baƙin ciki, kuma ba abin kunya ba ne. Uwar da ta ga an binne ɗan maƙwabciya dole ta nemi a yi wani abu. Matsalar dokar da aka yi cikin zafin rai ita ce takan bi abin da ya fi tayar da hankali, ba lallai abin da ya fi kisa ba, kamar yadda Dakta ta nuna.

Amma akwai wata fuskar da ba ta da kyau, kuma mu baƙaƙen fata ya kamata mu san ta. A 1967 'yan ƙungiyar Black Panthers sun riƙa bin motocin 'yan sanda a Oakland riƙe da bindigogi a fili, don su sa ido kan yadda ake cin zarafin baƙaƙe. Doka ta ba su dama a lokacin. Da suka shiga majalisar jihar California da makamansu, nan da nan aka yi dokar Mulford wadda ta hana yawo da bindiga mai harsashi a fili, kuma Ronald Reagan, gwamna a lokacin, shi ya sa hannu. Tun bayan yaƙin basasa ma jihohin kudu sun yi dokokin hana bayin da aka 'yanta riƙe makami. Ke nan ba kowane mai cewa a taƙaita ne rai yake so ya ceta ba. Wani so yake a taƙaita wa wasu.

Sani Tirela (Chicago):
Allah ya saka, Malam. Kuma har gobe haka ne. Wa ake tsayarwa a bincike mota a kama da laifin bindiga? Yaranmu ne. Philando Castile yana da lasisi, ya faɗa wa ɗan sanda da bakinsa cewa akwai bindiga a jikinsa, aka harbe shi a gaban budurwarsa da ƙaramar yarinya a Minnesota a 2016. Ni kaina duk sanda aka tsayar da ni hannuna biyu a kan sitiyari suke.

Maman Ilham (Houston):
To Malam Sani, ai wannan ya nuna bindigar ba ta kare shi ba. Ita ce ma ta ja masa.

Sani Tirela (Chicago):
Launin fatarsa ne ya ja masa, Maman Ilham. Bature da lasisi ba a yi masa haka.

Barista Hadiza (Abuja):
Kafin a yi nisa, akwai rufin da ba a iya wucewa a Amurka, kuma shi ya sa kwatanta ta da wasu ƙasashe yake da wuya. Gyara na biyu a kundin tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ba jama'a haƙƙin riƙe makami. An daɗe ana jayayya ko na rundunar sa-kai ta jiha ake nufi, sai a 2008 Kotun Ƙoli a shari'ar Heller ta ce haƙƙin kowane mutum ne a gidansa. A 2010 ta shimfiɗa hukuncin kan jihohi, a shari'ar da aka yi da birnin Chicago kansa. A Yunin 2022, a shari'ar Bruen, ta ce har a waje mutum na da haƙƙin ɗauka, kuma duk dokar taƙaitawa sai ta yi daidai da abin da aka saba a tarihin ƙasar. Kwana biyu tsakani Biden ya sa hannu kan dokar da ta ƙara binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21. Kotu na buɗewa, majalisa na ɗan rufewa, a mako guda.

Ko bayan harin makarantar Sandy Hook, inda aka kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya shida a Disambar 2012, ƙudurin faɗaɗa binciken mai saye ya samu ƙuri'a 54 a majalisar dattawa, amma 60 ake buƙata, ya faɗi. Saboda haka idan aka ce an gwada taƙaitawa a Amurka ba ta yi aiki ba, ni tambayata ita ce yaushe aka gwada ta sosai?

Aminu (Melbourne):
A nan Ostireliya an gwada. Afrilun 1996 mutum ɗaya ya kashe 35 a Port Arthur. Firaminista John Howard, ɗan ra'ayin riƙau ne fa, cikin kwana goma sha biyu ya haɗa jihohi suka amince da tsari ɗaya. Gwamnati ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. A nan cewa kana so ka kare kanka ba ya cikin dalilan da ake ba da lasisi. An yi shekara sama da ashirin ba a sake ganin irin Port Arthur ba. Kuma mu Musulmi kada mu manta da Christchurch. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 aka kashe mutum 51 a masallatai biyu. Wanda ya yi ɗan Ostireliya ne, amma a New Zealand ya samu lasisi ya sayi makamansa, inda doka ta fi sauƙi a lokacin. Ƙasa da wata guda majalisarsu ta hana irin waɗannan bindigogi, 119 suka yarda, ɗaya ya ƙi.

Sani Tirela (Chicago):
Aminu, teku ne ya kewaye ku ta ko'ina. Kuma kisa da bindiga ya riga ya fara sauka a can kafin 1996, masu bincike har yau suna ja-in-ja kan nawa ne rabon dokar. Me za ka ce da Mexico? Shekara da shekaru kantin bindiga ɗaya tak ne a duk ƙasar, a hannun soja, amma ga yadda ake kisa. Switzerland kuma gidaje cike da bindiga, kisa kaɗan.

Dakta Rabi (Baltimore):
Mexico labarin Chicago ne aka faɗaɗa. Mafi yawan bindigogin da aka bi sawunsu daga Amurka suka tsallaka, shi ya sa gwamnatin Mexico ta kai kamfanonin bindiga na Amurka ƙara a 2021. Switzerland kuwa akwai izinin saye, akwai rajista, kuma da wuya a ba ka damar yawo da ita a titi. Amma kana da gaskiya cewa bindiga kaɗai ba ta bayyana komai. Talauci, ƙwaya, da rashin yarda da hukuma duk suna ciki.

Ɗan Mafara:
Na yi shiru ina karatu tun ɗazu, amma raina ya ƙi. Ku kuna can kuna lissafin awa 72. Mu nan doka ta fi taku tsanani nesa ba kusa ba, kuma ga mu. Shekaru uku da sunka wuce ɓarayin daji sunka shigo ƙauyenmu bayan isha'i bisa babura, uku-uku, kowa da AK. Mu abin da muke da shi adaka guda huɗu da gora. Wanda ya ɗura adaka ya harba sau ɗaya, kafin ya sake ɗurawa an gama da shi. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya a ƙofar gidanshi anka harbe shi. Munka kira waya har caji ya ƙare, ba a zo ba sai da rana ta fito. Ku gaya mini wa dokar hana bindiga ta kare a daren nan? Ɓarawo ta kare. Ta tabbatar mashi duk gidan da ya shiga ba mai mayar mashi da martani.

Maman Ilham (Houston):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Wallahi ban san da wannan ba, ɗan'uwa.

Barista Hadiza (Abuja):
Allah ya gafarta masa. Abin da ya faɗa game da tsananin doka gaskiya ne. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take. Irin su AK sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu sai Sufeto Janar, bindigar toka kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Shi ya sa a Yunin 2022, da gwamnatin Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi bindiga, har ta ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, Janar Irabor, babban hafsan tsaro a lokacin, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Masari ma a Katsina ya yi irin wannan kiran a 2021.

Baba Mai Ritaya (Kaduna):
Ɗana na Mafara, Allah ya jiƙan yayanka. Ba zan ce maka ka yi kuskure ba, don wanda bai kwana a daji da 'ya'yansa ba bai isa ya yi maka wa'azi ba. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin ɗamara, kuma abin da zan faɗa da nauyi nake faɗarsa. Na ga abin da ke biyo baya idan gari ya ɗauki makami ba mai tsawatarwa. 'Yan sa-kai sun fara ne da kare garuruwansu, da niyya mai kyau. Daga baya sai aka koma tare Bafulatani a kasuwa a yanka shi ba shari'a, ba tambaya. Ɗan'uwansa da bai taɓa sata ba ya sayar da shanu ya sayi bindiga ya shiga daji. Kai ka fi ni sanin wannan ya faru. Bindigar da ka saya don ɓarawo tana nan ranar rikicin gona, tana nan ranar zaɓe, tana nan ranar da ɗanka ya yi faɗa a kan budurwa.

Sannan dokarmu ba tsanani ta rasa ba, mai riƙe ta ta rasa. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya ya ce zuwa ƙarshen 2018 makamai sama da 178,000 ba a san inda suke ba daga rumbunan 'yan sanda, fiye da 88,000 daga ciki AK-47 ne. Doka alkawari ce tsakanin hukuma da talaka: ka ajiye makami, ni zan tsare ka. Ostireliya ta cika nata ɓangaren, shi ya sa mutane suka miƙa. Mu an karɓi namu ba a cika ba.

Ɗan Mafara:
Baba, Allah shi ja da ranka, duk abin da ka ce na ji, kuma zancen kasuwa gaskiya ne, an yi, ban goyi baya ba. Amma kafin a cika alkawarin, mi za mu yi daren yau?

Issoufou (Maraɗi):
Gaisuwa ga kowa. Mu nan iyaka muke da ku, Madarunfa da Gidan Runji abin da ke cin Zamfara da Katsina shi ke cin su. Ni abin da na gani, ba daga kanti makaman ga ke fitowa ba balle a ce a bincika mai saye. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 rumbunan Libiya sunka buɗe, kaya sunka biyo hamada. Wasu kuma a wurin sojoji ake ƙwace su in an kai hari bariki. Karɓar makamai ma mun gwada. A Satumbar 2000 an ƙona bindigogi sama da dubu a Agadas bayan sulhu da 'yan tawaye, anka yi biki. A 2007 tawaye ya dawo. Wuta ta ci ƙarfe, amma abin da ya sa mutane sunka ɗauka yana nan.

Baba Mai Ritaya (Kaduna):
Haka ne Malam Issoufou. A Zamfara ma a 2020 an yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK ɗaya. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021 har da rantsuwa da Alƙur'ani, bai yi wata uku ba ya koma daji. In hanyar shigowa a buɗe take, wanda ya miƙa tsohuwa sabuwa zai saya. Ni abin da na fi yarda da shi, in dole sai an ba gari makami, a ba wa mutanen da aka tantance, aka horar, aka rubuta lambar kowace bindiga da sunan mai riƙe da ita, kuma akwai wanda zai hukunta su in sun yi ɓarna. Abin da Katsina ta nufa ke nan da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara kuma da Askarawa a farkon 2024. Ko suna bin ƙa'idar, ku da ke can ku za ku faɗa.

Sani Tirela (Chicago):
Maganar Ɗan Mafara ita ce tawa, Baba, sai dai tasa ta fi zafi. Kuma kada a ɗauka a Amurka hukuma na zuwa a kan lokaci. A Uvalde ɗin da Maman Ilham ta kawo, jami'ai 376 ne suka taru, suka yi minti 77 kafin su shiga ajin, yara na ciki suna kiran waya suna roƙo. Iyaye na waje ana riƙe su. In haka ta faru a Texas, don me zan miƙa tawa in jira?

Dakta Rabi (Baltimore):
Ka tambayi abin da ya tsayar da su, Malam Sani. Wasu daga cikin jami'an sun faɗa wa masu bincike cewa irin bindigar da ke hannun yaron ce ta sa suka ja da baya, don harsashinta na huda rigar sulken da suka saba sawa. Mutum kusan ɗari huɗu masu horo da makami, yaro ɗaya ya tsayar da su da abin da ya saya a kanti. Florida, jihar 'yan Republican, bayan an kashe mutum 17 a wata makaranta a Parkland a 2018 ta ɗaga shekarun sayen doguwar bindiga zuwa 21. Da Texas na da wannan, yaron Uvalde ba zai iya shiga kanti ya saya a ranar ba. Ko zai samu ta wata hanya, Allah ne masani, amma da sai ya sha wuya, kuma a cikin wuyar ce ake kama wasu.

Halin Ɗan Mafara daban ne da naka, kuma ba zan yi masa lissafin Baltimore ba. Kai kuwa bari in tambaye ka, ba don gardama ba. Ka taɓa cewa babban ɗanka ya shiga sakandare. In ka tafi Dallas ko Atlanta kwana huɗu, ina bindigar gida take?

Sani Tirela (Chicago):
Ɗaya tana tare da ni. Ɗayar tana durowar gefen gado, saboda uwarsu. Yaron bai san tana nan ba.

Dakta Rabi (Baltimore):
Kusan duk uban da na zauna da shi a ɗakin jira haka ya ce mini. Sun sani, Malam Sani. Ɗan shekara goma sha huɗu ya san kowane lungu na gidanku. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe mai buɗewa da zanen yatsa, cikin daƙiƙa biyu maiɗakinka za ta buɗe in buƙata ta taso, kuɗinsa bai kai na tayar tirela ɗaya ba.

Sani Tirela (Chicago):
Sayarwa dai ba zan yi ba, kuma ra'ayina kan dokokin nan bai canza ba. Amma akwatin zan saya in na sauke kaya ranar Asabar, in sha Allah. Ki turo mini hoton irin wanda kike nufi.

Maman Ilham (Houston):
Na gode muku duka. Zan nuna wa Baban Ilham maganar Dakta da ta Malam Habibu, mu zauna a kai. Wani abin da ban taɓa yi ba kuma zan fara: duk gidan da yarinyar za ta je wasa sai na tambayi uwar gidan ko akwai bindiga, kuma ko a kulle take. A da kunya nake ji.

Ɗan Mafara:
Baba, har yanzu ina jiran amsarka. Askarawan da ka ce, mutum tara anka ba gundumarmu, ƙauyuka sun fi ashirin. Yau ni ke da gadi daga sha biyu zuwa asuba, ni da ƙanena da adaka ɗaya. Caji ya kusa ƙarewa, in na ga saƙo da safe zan amsa. Ku sa mu a addu'a.